2.4 Fotolayas da Gyaran DNA a Jikin Bakteriya

Hasken ultrabayolet kan manne tayamin guda biyu masu maƙwabtaka a zaren DNA, sai bakteriya ta kasa hayayyafa. To amma E. coli tana da furotin mai suna fotolayas, wanda ke ɗauke da sinadarin filabin, wato FAD. Da zarar shuɗin haske ya same shi, filabin kan miƙa elektiron guda, ya raba mannen, sannan elektiron ya komo. Albert Kelner ya lura da wannan farfaɗowa a 1949, Aziz Sancar kuma ya fayyace ta, ya sami kyautar Nobel a 2015. Wannan ya shafi masu shan ruwan Bakalori a Talata Mafara da Bakura da Maradun, domin ruwan da aka tsabtace da fitilar ultrabayolet mai rauni, in aka bar shi a rana, wasu ƙwayoyin kan farfaɗo.