El Sistema: Yadda Benezuwela Ta Kai Kiɗan Masu Hali Cikin Unguwannin Talakawa

Idan aka ce orkesta a nan wajenmu, abin da ke zuwa ma mutum a rai shi ne samari biyar ko shida da gita da ganguna a wurin biki. Wadda za mu yi magana a kanta yau daban take. Taron makaɗa ne da kan kai mutum tamanin ko ɗari, kowa da takardar kiɗa a gabansa, wasu na goga tsirkiya, wasu na busa, wasu na bugu, duka suna bin hannun jagora guda. Mafi yawa a cikinsu masu biyolon ne, wato gogen Turawa, sai dai shi tsirkiya huɗu gare shi, namu kuwa guda. A Turai irin wannan kiɗa ya samo asali, kuma an daɗe ana kallonsa a matsayin na masu hali, don kayan da tsada, malamin da tsada, tikitin shiga kallo ma haka.

A 1975 wani masanin tattalin arziki kuma makaɗi, José Antonio Abreu, ya kira matasa su zo gwaji a wani wurin ajiye motoci a Karakas, babban birnin Benezuwela. Kamar yadda shi da kansa ya sha faɗi, mutum ɗari ya sa ran gani, sai 11 kaɗai suka zo. Daga nan aka faro abin da ake kira El Sistema, wato "tsarin". Lokacin ƙasar na cikin kuɗin man fetur, Abreu kuwa ya san hanyoyin gomnati, sai ya shawo kanta ta ɗauki nauyin aikin a matsayin taimakon al'umma.

To yaya abin yake tafiya? Ana buɗe cibiya a cikin unguwa, yaro ya tashi daga lakwal ya wuce can da marece, kwana biyar ko shida a mako. Ba a biyan ko dala, kayan kiɗan ma aro ake ba shi. Amma babban abin da ya bambanta shi da makarantun kiɗa na Turai shi ne ba a ware yaro shi kaɗai a ɗaki shekara da shekaru kafin a ce ya isa shiga cikin jama'a. Tun ranar farko cikin taro yake. A wasu cibiyoyin ƙanana kan fara da biyolon na kwali, su koyi riƙo da zama da kallon jagora kafin a damƙa musu na gaske. Wanda ya ɗan iya ya koya ma na bayansa, don malamai ba sa isa. Masu tsarin suna cewa a nan tarbiyyar take: yaro na koyon jiran lokacinsa, da sauraron na kusa da shi, da sanin cewa in ya yi fashi gurbinsa zai fito fili. Su ma iyaye ana kiransu kallon wasa a kai a kai, uwar da ba ta taɓa taka zauren kiɗa ba ta zo ta ga ɗanta a gaba ana tafa masa.

Daga baya an faɗaɗa ƙofar. An kafa ƙungiyar waƙa ta yara kurame da masu naƙasa, masu sa farar safar hannu suna "rera" waƙa da motsin hannu. A 2007 aka shiga da orkesta gidajen kaso. Gustavo Dudamel, ɗan garin Barkisimeto, a wannan tsari ya tashi, kuma a 2009 ya zama jagoran babbar orkestar Los Angeles a Amurka yana da shekara 28. A watan Nuwamban 2021 makaɗa 8,573 suka kaɗa wani kiɗan Tchaikovsky tare a Karakas, aka rubuta su a kundin Guinness. An kwaikwayi tsarin a ƙasashe da dama, har da unguwar Raploch a Sikotlan tun 2008.

Sai dai akwai tambayar da ta fi yawan mutane muhimmanci a ganinmu: su wane ne ke shiga? Bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka, wanda ya ba da rancen dala miliyon 150 ga tsarin a 2007, ya sa aka bi yara kusan 3,000 masu shekara 6 zuwa 14 a cibiyoyi 16. Sakamakon ya nuna yaran sun ƙara kamun kai, rigima ta ragu, musamman ga yara maza da suka tashi cikin tashin hankali. Amma ya kuma nuna cewa cikin waɗanda suka nemi shiga, ƴaƴan talakawa ba su kai ɗaya cikin biyar ba, alhali a jahohin da aka yi binciken kusan rabin jama'a talakawa ne. Wannan bai ba mu mamaki ba. Kyauta ba ta biyan kuɗin mota, kuma gidan da ke jiran yaro ya taya shi neman na cefane da marece ba zai sake shi awa uku ko huɗu kullum ba. Wani masani ɗan Ingila, Geoffrey Baker, ya fitar da littafi a 2014 yana sukar tsarin da tsananin horo da bin umarni ba tambaya, da kuma kashe kuɗi mai yawa a kan manyan orkestocin da ke yawon duniya.

Sai kuma batun mai biya. A 2011 aka mayar da tsarin ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa. A watan Mayun 2017 aka harbe wani matashin makaɗin El Sistema a wajen zanga-zanga a Karakas, Dudamel ya fito ya nemi gomnatin Nicolás Maduro ta saurari jama'a. Bayan ƴan watanni aka soke tafiyar da zai yi da orkestar matasan ƙasar zuwa Amurka. Abreu ya rasu a watan Maris na 2018, a daidai lokacin da tsadar rayuwa ta cinye albashin malamai. Fiye da mutum miliyon 7 sun bar Benezuwela, cikinsu har da makaɗa da malaman kiɗa masu yawa. Waɗanda suka sauka a Buwenos Aires ta Ajantina, wasunsu suna kiɗa a tashoshin jirgin ƙasa don samun na abinci, sun haɗu sun kafa tasu orkestar mai suna Latin Vox Machine a 2017. A gida kuma cibiyoyin na nan buɗe, hukumar tsarin na cewa yara da matasa sama da miliyon guda ne ke cikinsa.