Ko Kun Sani? Ɗan Shekara 14 a Fagen Daga

Ko kun san cewa mafi ƙarancin shekaru cikin sojojin Ostareliya da aka san sun mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya yaron gona ne? Sunansa Jim Martin. A Afrilun 1915 ya bar aikin gona don shiga soja, ya ce shekarunsa 18, aka kuwa yarda. Mahaifiyarsa ta ƙi, sai da ya yi barazanar gudu ya shiga da sunan bogi. A hanyar zuwa fagen daga na Galifoli, jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya harbi jirginsu, Jim ya kwashe sa'o'i cikin ruwa. Amma zazzaɓin taifot ne ya yi ajalinsa, ranar 25 ga Oktoba, 1915, yana ɗan shekara 14 da wata 9. A teku aka saka gawarsa.