Salsalar Kalma: Misali daga Latin da Fadar Zazzau

Kalma ma tana da iyaye da kakanni, kuma ana bin salsalarta ta hanyar duba sautukanta da tsofaffin rubuce-rubucen da ta bayyana a ciki. A harshen Latin na Rumawan dā, prope na nufin "kusa". Daga gare ta aka sami propior, wato "mafi kusa", da proximus, "wanda ya fi kowa kusa". Rumawa kan kira maƙwabci ko ɗan'uwa na jini da wannan ta ƙarshe. Ita ce ta haifi proximitas, "kusanci", wadda ta zama proximité a Faransanci, sannan ta shiga Ingilishi a ƙarni na 15 a matsayin proximity. Tauraron nan Proxima Centauri da Robert Innes ya gano a 1915 ma daga nan sunansa ya fito, domin shi ne mafi kusa da ranarmu.

Abin lura a nan shi ne yadda kusancin wuri ya rikiɗe ya koma kusancin mutane. Irin wannan sauyin ma'ana yana nan a cikin birnin Zariya. Idan aka ce Sarkin Zazzau ya fito hawan salla da muƙarrabansa, an yi amfani da kalmar aro daga Larabci. Saiwarta baƙaƙe uku ne, ƙ-r-b, masu ɗauke da ma'anar kusanci. Aikatau ƙarraba na nufin "kusantar da", ɗafa-goshin mu- kuwa ya ba da muƙarrab, "wanda aka jawo kusa". Hausawa suka ƙara wasalin -i a ƙarshe, tun da yawancin kalmominsu da wasali suke ƙarewa, suka kuma yi mata jam'i irin nasu: muƙarrabai, kamar malamai.

Ɗalibai, musamman waɗanda suka taso a zaurukan karatu na Unguwar Juma ko Kona, sukan yi gaggawar cewa kusa ma daga ƙarib ta Larabci ta fito. Wannan ba hujja ba ce. Ma'ana ta zo ɗaya, amma ina r da b suka tafi, kuma daga ina s ta shigo? Babu wata ƙa'idar sauyin sauti a kalmomin aro da ta bayyana haka. A alƙali da alƙalami, ƙ ɗin Larabci ta zauna daram kamar yadda ta zauna a muƙarrabi. Saboda haka, in ɗalibi ya kawo irin wannan da'awa a aji, malami ya nemi ya jera baƙaƙen kalmomin biyu a allo, ya nuna inda kowane ya shiga.