Abin da ya kamata ku sani game da kakar tseren ƙanƙara

Daga watan Nuwamba zuwa Maris na kowace shekara, gwanayen gudu a kan ƙanƙara sukan yi ta yawo tsakanin Turai, Asiya da Arewacin Amurka suna fafatawa. Hukumar ISU, mai kula da wasan a duniya, ce ke shirya gasannin. An kafa ta a Holan a 1892, hedkwatarta kuma tana birnin Lausanne na ƙasar Suwizalan. Gasar cin Kofin Duniya, wadda ita ce ƙashin bayan kakar, ta fara ne a kakar 1985 zuwa 1986.

Filin zagayayye ne mai tsawon mita 400, daidai da na 'yan gudun ƙafa, sai dai an shimfiɗa masa ƙanƙara. Wanda bai saba ba zai yi mamakin ganin mutum biyu kacal suna gudu a lokaci guda, ɗaya a layin ciki, ɗaya a na waje. Tunda na ciki ya fi gajarta, a kowane zagaye sai su yi musayar layi don kada a zalunci kowa. Amma wanda ke gefenka ba shi ne ainihin abokin karawarka ba, agogo ne. Kana iya tsere wa abokin tafiyarka fintinkau, amma ka ƙare a na goma idan aka jera lokutan kowa.

Ana karawa a mita 500, 1,000 da 1,500. Dogayen su ne mita 3,000 da 5,000 ga mata, sai 5,000 da 10,000 ga maza. Na 10,000 zagaye 25 ne, mutum a sunkuye, hannaye a baya, cinyoyi na zafi. Akwai kuma tseren ƙungiya na mutum uku-uku, da wani na zagaye 16 inda kowa ke tashi tare.

A Kofin Duniya kowane zango ƙarshen mako guda ne a gari guda. Ana tara maki, wanda ya fi yawa a kowane nisa a ƙarshen kaka shi ke ɗaukar kofi. 'Yan wasan kashi biyu ne, rukunin A na manya da rukunin B na masu neman hawa, kuma ana hawa ana sauka gwargwadon ƙoƙari.

Abin da ya fi dacewa mai kallo ya riƙe shi ne cewa lokacin da aka yi a wani gari ba a auna shi kai tsaye da na wani. Filin Kalgari a Kanada yana tudu mai tsayin sama da mita 1,000 daga teku, na Salt Lake City a Amurka kuwa kusan mita 1,400. A can iska ba ta da kauri, don haka ba ta tare ƙirjin mai gudu sosai. Ga wanda ke tafiyar kusan kilomita 60 a sa'a, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa mafi yawan bajintar tarihi a waɗannan filaye biyu ake kafa ta. A Salt Lake City ne Pavel Kulizhnikov na Rasha ya gama mita 500 cikin daƙiƙa 33.61 a 2019. Saboda haka idan kuka ga lokuta sun ja baya da aka koma Stavanger ta Norwe, kada ku ce 'yan wasa sun yi sanyi, iskar bakin teku ce. Hakan ne ma ya sa aka jinjina wa Nils van der Poel na Suwidin, wanda ya kafa tarihin mita 10,000 a Beijin a 2022, a filin da ba na tudu ba.

Takalmi ma ya taɓa birkita lissafi. A da wuƙar ƙarfen da ke ƙasansa a manne take gaba da baya. A kakar 1996 zuwa 1997 matan Holan suka fito da wani wanda wuƙarsa ke ɗaure a gaba kawai, diddige na ɗagawa ita kuwa tana nan a kan ƙanƙara, abin da ya ƙara tsawon kowace tunkuɗa. Kafin a je Olamfik na Nagano a 1998 kusan kowa ya koma kansa, tsofaffin bajintoci suka yi ta zubewa.

Holan ce uwar wannan wasa, ba ko tantama. A Olamfik na Sochi a 2014 ta kwashe lambobi 23 cikin 36. Filinta na Thialf da ke Heerenveen yakan cika maƙil da 'yan kallo sanye da kaya masu launin ruwan lemo, ana busa ana kiɗa. Da korona ta hana tafiye-tafiye, a can aka killace kowa aka yi zangon Kofin Duniya biyu a Janairun 2021. Duk da haka ba gadon gidansu ba ne. Shani Davis na Amurka ya ci zinare a 2006, baƙar fata na farko da ya yi hakan shi kaɗai a Olamfik na hunturu. Erin Jackson, 'yar Florida ta Amurka inda ƙanƙara ba ta kwana, ta fara ne da takalmi mai taya, ta kuma ci zinaren mita 500 a Olamfik na 2022.

Kofin Duniya na saka wa mai ɗorewa, amma a ganina suna ya fi fitowa daga gasar zakarun duniya da ake yi wajen ƙarshen kaka, inda gudu ɗaya ke yanke hukunci a kowane nisa. A nan ne Jordan Stolz na Amurka, yana ɗan shekara 18, ya haɗa zinaren mita 500, 1,000 da 1,500 a 2023 a gaban mutanen Holan a Thialf, ya kuma maimaita a Kalgari a 2024.