SAYEN KWIKWIYO A YAMMACIN ZAMFARA: A GA UWA KAFIN A BIYA KUƊI

Tun kaka da kakanni, idan aka gama girbi aka kai gero da dawa rumbu, mafarautan ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi sukan fita farautar gayya da karnukansu, su komo da zomo da gafiya da zabon daji. A wancan zamani kusan maharbi da makiyayi ne kaɗai suka damu da sanin asalin kare. Amma tun da ta'asar 'yan bindiga ta addabi yammacin Jihar Zamfara, shiga daji ya zama sai da shiri, kare kuwa ya sami sabon aiki a cikin gari. Manomin da ke zaune a bakin gari, da ɗan kasuwa mai ɗakin ajiyar hatsi, da ma'aikacin gwamnati wanda aiki ke raba shi da iyalinsa kwana da kwanaki, duk suna neman dabbar da za ta yi haushi idan wani ya doso gida da dare.

Abin lura shi ne, galibin waɗannan sababbin masu neman kare ba su taɓa kiwonsa ba. Mutumin da ba zai sayi ɗan akuya ba sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙori, sai ga shi ya karɓi kwikwiyo a cikin kwali a bakin tasha, bai san wanda ya kawo shi ba, balle uwar da ta haife shi. Alhali kuwa wannan dabba a tsakar gida za ta zauna, tare da yara.

ASALI NA TAKARDA DA ASALI NA SANI

A ƙasashen Turai asalin kare a rubuce yake. Tun 1873 aka kafa ƙungiyar masu karnuka ta Ingila, wadda ke riƙe da littafin da ake shigar da sunan kare da na uwarsa da ubansa da kakanninsa. Karen nan na Jamus da jama'a suka fi sani da Alsashiyan, wanda 'yan sanda da soja ke aiki da shi, a 1899 aka buɗe masa nasa littafin. Saboda haka idan Bature ya ce kare mai asali, watau yana nufin wanda ake iya bin zuriyarsa a takarda, a kuma je ofis a tabbatar.

Ba a nesa da mu ba ma akwai misali. A kwarin Azawak, wanda ya ratsa Nijar da Mali, Buzaye sun daɗe suna kiwon wani dogon kare mai siririn ciki da gajeren gashi, wanda ke kama zomo da barewa da gudu, ya kuma tsare tanti da garke. A farkon shekarun 1970 Turawa suka fara kai shi ƙasashensu, yau kuwa yana cikin littattafan asali na duniya da sunan Azawak. Makiyayan da suka raya shi ba su taɓa rubuta masa takarda ba. Sun dai san wace karya ce ta haifi wace, sun san wadda 'ya'yanta ke da zuciya da wadda nata ke gudun dawa.

Irin wannan sani shi ne ke hannun mafarautan ƙasar Zamfara. Wanda ke son kwikwiyo na kirki yakan je wurin maharbin da aka san karyarsa da kamu, ya kama ɗa tun yana ciki, ya jira. Cikin karya wajen kwana 63 ne, don haka jiran ba mai tsawo ba ne. Mai karyar kuwa ba ya iya ɓoye halinta, domin duk wanda ya taɓa fita farauta da shi ya ga aikinta da idonsa, kuma gobe ma a gari ɗaya za a kwana. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ma'aikacin da aka yi wa canjin aiki zuwa Gummi ko Anka, bai san kowa ba, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya nemi Sarkin Baka ko wani dattijon maharbi ta hannun mai unguwa, ya faɗi abin da yake so, ko na tsaro ko na farauta, domin ba hali ɗaya ake nema a wurinsu ba.

Akwai kuma batun addini, wanda ya sa sau da yawa ba a kiran abin ciniki, sai dai a ba da kwikwiyo a karɓi goro. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo, hadisai kuma sun yi izinin ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron shuka. Amma littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya kawo hani a kan sayar da karnuka, ya kuma nuna an yi saɓani game da waɗanda aka yi izinin ajiyewa. Wanda ke da shakka, malaminsa na kusa.

ABIN DA ZA A DUBA

Mai kiwon kirki ba ya jin haushi idan aka ce a nuna uwa. A je gidansa, a ga inda take kwana, a ga yadda take karɓar baƙo a gaban maigidanta. Wadda ke ɓuya tana rawar jiki, da wadda maigidanta kansa ba ya iya tsawata mata, duk biyu a bar 'ya'yansu.

Sa'an nan shekaru. Likitocin dabbobi sun haɗu a kan cewa kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8, saboda a nono yake samun garkuwar farko, a cikin 'yan'uwansa kuma yake koyon rage ƙarfin cizo. Mai sayarwa yana iya ƙara masa kwana da baki, amma jiki ba ya ƙarya: ido yakan buɗe a wajen mako 2, haƙoran nono su fara fitowa a mako na 3, su cika 28 a tsakanin mako 6 da 8. Daga wajen wata 4 ne suke fara zuba, manya guda 42 su maye gurbinsu. Kwikwiyon da bakinsa bai cika ba, komai rantsuwar mai shi, bai isa yaye ba.

A duba ido kada ya zama yana kwantsa, hanci kada ya zama yana majina, dasashi ya kasance ja-ja, ba fari fat ba. Ƙaton ciki a jikin ramammen kwikwiyo alamar tsutsa ce. A shafa gashi a juya kunne, a nemi kaska da ƙuma da ƙazuwa. A kuma dubi ƙarƙashin wutsiya da wurin da suke kashi, domin zawo mai jini da wari tare da amai su ne alamun cutar da likitoci ke kira fabo, wadda ta ɓulla a duniya a 1978, tana kuma iya gamawa da 'ya'yan ciki ɗaya cikin 'yan kwanaki. Allurar rigakafinta ana fara ta ne daga mako 6 zuwa 8, a maimaita.

TAKARDAR DA TA FI TA ASALI

Duk waɗannan asarar dabba ce da ta kuɗi. Wadda ke cin ran mutum ita ce cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin 100 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunta, idan kuma alamunta suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Kwikwiyo ma yana ɗauke da ita, yana wasa da yara ba wanda ya sani, kuma ƙaramin cizonsa shi ne wanda iyaye suka fi rainawa.

Saboda haka tambaya ta farko ga mai kiwo ita ce ko an yi wa uwar allurar haukan kare, da yaushe, da wanda ya yi. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ta soma aiki a can tun 1924, tana sarrafa wannan allura, akwai kuma ta ƙasashen waje. Ana yi wa kwikwiyo ita idan ya cika wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara. Katin shaida na gaskiya yana ɗauke da sunan allurar da lambarta da kwanan wata da sa hannun likita. Idan aka nuna katin da ke cewa an yi wa kwikwiyo ɗan mako 5 allurar haukan kare, to, lalle akwai abin tambaya. Bugu da ƙari, allurar tana bukatar sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, wadda ta wuni a aljihun mai talla a cikin zafin watan Afrilu kuwa ba abin dogara ba ce. A nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, ko ofishin dabbobi na jiha a Gusau. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da ta Ahmadu Bello ta Zariya kuma duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi.

Su kuwa masu sha'awar karnukan waje, yawancin cinikinsu yanzu ta waya ake yi. A ga hoto a Facebook ko WhatsApp, a aika da kuɗi Kaduna ko Jos ko Abuja, a jira direba ya kawo. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Hoton na iya zama na wani kare dabam, takardar asalin kuma kowa na iya buga irinta a shagon kwamfuta. Ko da an dace da na gaske, sai a tuna cewa karen Kokeshiya mai tulin gashi na ƙasar ƙanƙara ne, wahala yake sha a garin da zafi ke wuce digiri 40 da bazara. Alsashiyan kuma an san shi da ciwon ƙugu na gado, wanda ba ya nunawa a kwikwiyo sai ya girma, abin da ya sa ganin tafiyar uwa da uba ya zama tilas. Cimarsu ma ba sauran tuwon dare ba ce, albashin ƙaramin ma'aikaci kuwa an san iyakarsa. Wanda ya nace, ya tafi da ƙafarsa, ko ya wakilta likitan dabbobi na garin ya duba masa kafin kuɗi su fita.

Idan kuwa aka kawo kwikwiyo gida ya ciji wani ko ya yage shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15, a kai mutumin asibiti a ranar domin a fara masa allura, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Karen kuma kada a kashe shi ko a kore shi daji. A ɗaure shi inda yara ba sa zuwa, a sanar da malamin dabbobi, a sa masa ido har kwana 10.