Pupusa: Yadda Za Ki Gane Ta Gaskiya

Uwargida, idan tafiya ta kai ki Los Angeles a Amurka, za ki ga ƙananan gidajen abincin 'yan El Salvador suna sayar da pupusa, wainar masara mai kauri da ake cusa wa cuku ko wake. Tun 2005 ita ce abincin ƙasarsu a hukumance.

Ki kasa kunne: in kin ji ana tafa ƙullu a kicin, sabuwa ce. Ɗumammiya tauri gare ta. Ta gaskiya da curtido take zuwa, wato kabeji mai tsami, kuma da hannu ake ci.

Amma ki tambaya tukuna. Wadda suke kira "revuelta" da naman alade ake yin ta, wasu ma da kitsensa suke soya waken. Ki nemi ta cuku zalla, a gasa miki a gefe.