Dalilin da ya sa ƙyauren tsohuwar kyamara ke maƙalewa, da yadda ake gyara shi

Matasa da dama sun fara zaƙulo kyamarorin fim da iyayensu suka ajiye, sai dai da yawa kan tarar cewa ƙyauren haske, wanda masu hoto ke kira shata, ya daina aiki daidai. Shi ne ke buɗewa na ɗan lokaci domin haske ya isa ga fim. Idan ya yi nawa, hoto ya ƙone. Idan ya ƙi buɗewa, fim ya tashi a banza.

Galibi matsalar tsohon mai ne da ya daskare ya haɗu da ƙura. Takan fara bayyana a saurin daƙiƙa ɗaya ko rabi, domin ƙananan haƙoran ƙarfe irin na agogo ne ke auna wannan lokacin.

Kafin a kwance komai, a duba batir. Canon AE-1, wadda ta fito a 1976, ba ta harbawa idan batirinta mai bolt 6 ya mutu. Pentax K1000 kuwa, da aka ƙera daga 1976 zuwa 1997, ba ta buƙatar batir sai don auna haske. A irinta, a duba soson da madubi ke bugawa, domin idan ya tsufa yakan zama danƙo ya riƙe madubin.

Idan laifin na ƙyauren ne, a buɗe bayan kyamarar babu fim, a yi ta harbawa a kowane sauri. Wani lokaci wannan kaɗai kan sassauta shi. Ƙyaure mai ganyayyakin ƙarfe, kamar na Yashica Mat-124G, ana goge shi a hankali da auduga mai ɗigon man laita, a bari ya bushe, a maimaita. Na ƙyalle, irin na K1000, ba a taɓa shi da yatsa ko sinadari.

Babban kuskure shi ne fesa WD-40 ko ɗiga man keken ɗinki. An ƙera ganyayyakin ne su yi aiki a bushe, kuma man zai manne su ya malala kan gilashi. Garin neman gira a rasa ido.

Idan maɗanni ya cije, kada a tilasta masa. An daina ƙera kayan gyaran waɗannan kyamarori, don haka haƙori ɗaya da ya karye sai an sadaukar da wata kyamarar kafin a maye gurbinsa. A nan, aikin na ƙwararren mai gyara ne.